Batir a Cikin Langa

Teburin Nassirou bai fi tabarmar sallah faɗi ba. Yana bakin shagon atamfar Hajiya Zinariya a Babbar Kasuwa, rabinsa cikin inuwa, rabinsa a hanyar mutane. Shekara goma sha huɗu ke nan yana gyaran portabul, wato wayar hannu, a kansa. Bagobiri ne daga Tibiri. Ya shigo Yamai yana saurayi, ya fara da gyaran rediyo, da kasuwar rediyo ta mutu ya koma waya. Yanzu yana da shekara arba'in da uku, da mata, Salima, da yara huɗu a ɗaki biyu cikin wani gidan haya a Boukoki. Abin da suke ci duk daga teburin nan yake fitowa, kuma ba don kyan teburin ba, don inda yake. Kowace mace da ta zo zaɓen zane tana riƙe da waya, cikin goma kuwa ba a rasa biyu masu fasasshen gilashi ko ramin caji da ya ƙi. Tana ciniki, yana gyara. Masu gyara da yawa sun yi kwaɗayin wurin. Hajiya ta ba shi ne don ba ya surutu, ba ya shan taba.

Sharaɗinta guda ne, kowa a layin ya san shi. Ba ta son wuta. Tun tana ƙarama gobara ta cinye shagon mahaifinta a wata kasuwa, tana tsaye tana gani. Ba a dafa shayi a bakin ƙofarta, ba a kunna turare. Ƙarfen da Nassirou ke narka dalma da shi sai da ya yi wata guda yana roƙo kafin ta yarda ya jona shi a bangonta. In za a rufe shago ita take zare shi da hannunta, ta kai bayan yatsa kusa da bakinsa ta ji ya huce, sannan a shigar da teburin ciki ta sa kwaɗo.

Abin ya faro ne daga Lawali, direban wani ofishi a Gaweye. Ya zo da wani irin tabarau mai kauri kamar bulo, wayar cikinsa ta tsinke. Nassirou ya haɗa ta cikin minti goma, ya tambaye shi na mene ne.

"Ka zo Lahadi ka gani. In na faɗa maka da baki, cewa za ka yi na zauce."

Ya je. Suka haye gadar Kennedy a kan moto, suka wuce gidajen ƙetare har wani fili mai yashi inda babu kowa sai awaki. Maza biyar ne, kowa da furfura ko tumbi, sun kafa sanduna sun ɗaura musu tsummoki. Kowa da ɗan jirginsa da bai fi faranti ba, mai farfela huɗu, yana kuka kamar sauron da ya kai girman kaza. Dron suke ce masa, na tsere. Mutum zai sa tabarau ya riƙa ganin abin da jirgin yake gani, ya bi da shi tsakanin sanduna da gudu. Lawali ya sa masa tabarau, ya tashi nasa. Nassirou ya ga ƙasa ta gudu, sanda ta taho kansa ta wuce, sama ta koma ƙasa. Ya tsinci kansa zaune a yashi. Da ya samu numfashi ya ce a sake.

Duk abin da ya taɓa haɗawa a rayuwarsa na wani ne, mai shi ya karɓa ya tafi. Wannan ya so ya zama nasa.

Lawali ya ce ba a sayen irinsa a haɗe, don kullum faɗuwa yake yana karyewa, wanda bai haɗa da hannunsa ba kuwa ba zai iya gyarawa ba. Wata bakwai Nassirou yana tara kaya ɗaya bayan ɗaya ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa ƙasar Sin. Ƙashin jirgin ya fara zuwa, baƙi, ba nauyi, kamar kwali. Sai injina huɗu, kowanne girman goro. Sai ƴan faranti biyu na lantarki da ake ɗora ɗaya a kan ɗaya, da kyamarar da ba ta kai farcen babban yatsa ba. Dalma ba ta ba shi wahala ba. Lawali ya duba aikinsa ya ce a cikinsu biyar babu mai hannu irin wannan. Amma hankalinsa bai kwanta ba ko rana guda. Yana tsoron ya juya jar waya da baƙa ya ƙone farantin da ya jira wata biyu. Kafin ya jona waya ɗaya sai ya auna ta sau uku, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Ga kuma ɓoyo. A gida ba wuri, ƙaramar ƴarsa komai ta gani baki take kai shi, kuran ɗin unguwar kuma, wato wutar lantarki, yakan yini bai zo ba. A kasuwa bai yarda ya furta sunan abin ba. Duk wanda ya ji an ce dron, soja yake tunawa da tambayoyi, shi kuwa ba mai son a tambaye shi ba ne. Sai ya mai da durowar ƙasa ta teburinsa, ta ƙarfe mai makulli, ɗakin jirgi. In Hajiya ta shiga ciki sallah ko ciniki ya ɗauke mata hankali, ya jawo durowar ya yi aikin minti biyar a kan cinya, ya mayar. Ta taɓa tambayarsa mene ne yake ta sunkuyo a kai. Ya ce fankar wani ce. Ƙaryar da ya fara yi mata ke nan.

Batura uku ne suka zo daga ƙarshe, kowanne girman sabulun wanki. Lawali ya kawo su da kansa, ya rage murya.

"Malam Nassirou, waɗannan ba irin na portabul ba ne. Kada ka cika su ka ajiye. Kada su sha rana. In ɗaya ya kumbura, ya mutu ke nan, ka kai shi bayan gari ka binne a yashi."

"Lawali, kai mota kake ja. Ni tun kana koyon shan kwana nake buɗe batir."

"Na dai faɗa maka."

"Na ji, direba."

Bai ji ba. Batir mai kumburi abin kullum ne a teburinsa. Waya za ta zo bayanta ya ɗago, mai ita ba shi da halin sabo. Nassirou ya ɗauki allura ya ɗan huda ledar batirin ta gefe, ya matse iskar da yatsa, ya liƙe da iskoc, ledar nan mai danƙo, ya mayar. Wayar ta ƙara wata biyu ko uku. Haka ya taras ana yi, haka masu gyara a layin suke yi, ya yi ya fi sau ɗari, babu abin da ya taɓa gani sai ɗan wari.

A watan Mayu jirgin ya haɗu. Ran Asabar ya cika baturan uku taf, don Lahadi ne tashin farko. Da safiyar Lahadi aka yi rasuwa a gidansu, wani tsoho maƙwabcin ɗaki, ya yini a zaman makoki. Litinin aiki ya yi yawa, Talata ma haka. Durowar tana gefen da rana ke duka tun daga hantsi har la'asar, ƙarfen yakan yi zafin da ba a iya dafa shi. Saura mako uku Babbar Sallah. Kayan Hajiya sun iso, an jera atamfa da shadda da leshi daga ƙasa har rufi, wasu dilolin ma ba a kwance ba, suna jingine a bayan kujerarsa.

Laraba bayan azahar ya buɗe durowar. Ɗaya daga cikin baturan ya yi ciki kamar burodi. Ba wuta ya tuna ba, dariyar da Lawali zai yi masa ya tuna. Ya waiga. Hajiya tana can ƙurya da wasu mata uku masu zaɓen anko. Kafin ya gama tunani allura tana hannunsa.

Ya huda. Iskar ta fito da ƙarar da bai saba ji ba, kuma ba ta tsaya ba. Wani wari mai zaƙi, kamar an haɗa alawa da fenti, ya bugi hancinsa. Ya danna yatsa a kan hudar. Batirin da ya ɗauka da ɗumi yanzu zafi yake, yana jin zafin yana ƙaruwa a tafinsa.

Ya duba baya, atamfa. Hagu, shagon katifa. Gaba, masu robobi. Babu yashi, babu ƙasa, siminti ne ko'ina. Ƙofar kasuwa mafi kusa ta kai taku ɗari biyu. A ƙarƙashin tebur akwai langar da Salima ta zubo masa dambu, ya riga ya cinye. Ya jefa batirin ciki, ya rufe, ya naɗe ta da tsumman goge gilashi, ya miƙe.

"Nassirou, mene ne ke wari haka?" in ji Hajiya daga ciki.

"Ina zuwa, Hajiya."

Bai yi gudu ba. Wanda ya yi gudu a layin nan ɓarawo za a ce, a tare shi. Ya riƙe langar da hannu biyu kamar mai kai wa wani abinci, yana gafara-gafara, yana kutsawa tsakanin mata masu jakunkuna da masu baro. Ta cikin tsumman yana jin langar tana ɗaukar zafi. Wani abu a ciki yana ƙas-ƙas. Duk rumfar da ya wuce sai ya dubi abin da ke cikinta, leda, soso, yadi, bai ga wadda za ta yi minti biyar a tsaye ba in abin ya tashi a nan.

A kwanar masu takalma ɗaya daga cikinsu, Sumana, ya tare hanya. Sumana Bazabarme ne, shi kuwa Bagobiri, tsakaninsu wasa ne na kaka da kakanni. Bazabarme ya ƙwace wa Bagobiri hula ko abinci, ya zage shi tas, ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ne da jin kunya. Shekara da shekaru Sumana bai taɓa barin langar nan ta wuce gabansa bai buɗe ba.

"Kai Bagobiri, tsaya nan. Ina za ka da abincin ubangidanka?"

"Sumana, ba ni hanya."

"Ji shi. Bawa ya samu nama yana sanɗa. Har da naɗe shi a tsumma don kada in ji ƙanshi. Yau sai na ga abin da Salima ke ɓoye mini."

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Ku yaushe kuka iya wasa? Ci kuka iya."

Maƙwabta suna dariya. Sumana ya kai hannu ga murfin. Nassirou ya sa kafaɗa ya bangaje shi da iya ƙarfinsa. Mutumin ya faɗa kan tulin takalma, hularsa ta yi gefe. Dariyar ta yanke. Wani dattijo ya ce, "Assha, abokin wasanka?" Nassirou bai waiga ba.

Saura taku ashirin farin hayaƙi ya fara fita ta gefen murfi. Yanzu kam ya yi gudu. Tsumman ya fara ƙauri, yatsunsa suna son saki, amma a bakin ƙofar ma akwai mai sayar da tabarmin roba. Ya fita, ya tsallake kwata, ya wurga langar kan tulin yashin wasu magina a gefen titi. Murfin ya yi sama. Wuta ta fito da huci, ta kai tsawon mutum, ta lafa, ta sake tashi, har sau huɗu. Mutane suka watse, wata mai lemu ta bar farantinta. Gardin ƙofa, mai gadin kasuwa, ya taho da sanda a hannu.

"Batir ne," in ji Nassirou. "Batir ne kawai."

Ɗaya daga cikin maginan ya ɗebi yashi da shebur ya rufe ta.

Sai Nassirou ya dubi hannunsa. Yatsun sun yi fari, fatar ta tashi. Bai tsaya jin zafin ba, don ya tuna akwai saura biyu a durowa. Tare aka cika su, rana iri ɗaya suka sha.

Sumana ya biyo shi don ya rama, ya taras da hayaƙi. Ya dubi yashin, ya dubi hannun.

"Da ka ce mini wuta ce, ɗan banza."

"Samo mini bokiti ka cika da yashi."

Sumana ya ruga ya samo.

Da suka koma, matan anko sun tafi. Hajiya ta zare duk abin da ke jone a bango. Mace mai shekara sittin tana jan dila ita kaɗai, tana sansana bayanta, mayafinta ya zame, bakinta yana ta salati. Warin bai bar wurin ba, ita kuma ba ta san daga ina yake ba.

Nassirou ya tsaya. Yana iya cewa ƙarfen dalma ne ya taɓa roba. Za ta yarda, ta yi masa faɗa, shi ke nan. In ta shiga sallar la'asar Sumana ya buɗe durowar a ɓoye. Duk wannan ya zo masa a rai, har ya buɗe baki. Amma la'asar da saura fiye da awa guda, rana kuma tana kan durowar.

"Hajiya, a durowata ne. Akwai saura biyu."

"Biyu me?"

"Batir. Irin wanda ya kama yanzu a waje. Ga makulli a wuyana, hannuna ba zai iya ba."

Ta dubi yatsunsa. Ta cire igiyar daga wuyansa, ta durƙusa, ta buɗe. Jirgin yana kwance a ciki da farfelunsa huɗu, baturan biyu a gefensa, ɗaya ya fara tasowa.

"Fankar wani ke nan."

"Tawa ce, Hajiya. Jirgin wasa ne."

Sumana ya ɗauki filaya ya ɗaga su ɗaya-ɗaya ya tura cikin yashi. Ya so ya ɗauki bokitin, Nassirou ya hana, ya ce a rataya masa a damtse. Suka sake bin layin, Sumana a gaba yana korar mutane, shi a baya yana sauraron ko zai ji ƙas-ƙas. Bai ji ba. Suka kai su can nesa da titi, suka bar su binne.

A farmasi aka wanke hannun aka naɗe, aka ce kada ya taɓa aiki mako uku. Ya dawo ana shirin rufe shago. Hajiya tana zaune a kujerarsa da carbi a hannu.

"Sannu da hannu."

"Yauwa, Hajiya."

"Tun yaushe suke nan?"

"Jirgin wata bakwai. Baturan mako biyu."

Ta jinjina kai. "Kullum ina zare maka ƙarfe, in tafi gida raina kwance. Ashe wutar tana cikin durowa, na kulle ta da kayana."

"Na yi kuskure, Hajiya. Ba za su ƙara shigowa kasuwa ba."

"Na san ba za su ƙara ba. Ka fitar da ita da hannunka, an faɗa mini yadda ka yi. Wani da yar da ita zai yi ya gudu. Allah ya saka maka." Ta miƙe, ta gyara mayafi. "Amma ni ba zan ƙara iya juya wa teburin nan baya ba, kuma ba zan iya ciniki ina gadinsa ba. Gobe ka zo da mai pus-pus ya tura maka kayanka."

Sumana da mai katifa suka bi ta har bakin taksi suna ba ta haƙuri. Ta saurare su har suka gama, ta ce ba fushi take ba, ta shiga mota.

A gida da magariba ya faɗa wa Salima komai, tun daga filin yashi. Ta jawo kwano ta riƙa ba shi tuwo a baki, don hannun ba ya riƙe komai. Da ya ƙoshi ta ce, "To yanzu ina?" Ya ce zai duba.

Da safe Lawali ya zo da moto, bai ce ai na faɗa maka ba. Ya sa jirgin a buhu ya ɗaure a baya, ya ce yana wurinsa har hannu ya warke. Mai pus-pus da Sumana suka ɗora tebur da kujera da kwalin gilasai. Wata mata ta miƙo wayarta daga cikin shago tana tambaya ko za a duba mata, Hajiya ta ce mai gyara ya tashi. Kafin su kai kwana, wani mai gyara daga ƙasan layi ya riga ya tsaya yana gaida Hajiya, yana auna wurin da ido.

A bakin ƙofa mai pus-pus ya tsaya ya share gumi.

"Maigida, ina za a kai?"

Nassirou ya dubi titin, dama da hagu. Duk inuwar da ya hanga akwai mai tebur a ciki.

"Tura dai," ya ce. "Mu bi ta Boukoki a hankali, ina dubawa."